Ɗan Kabi a Bakin Waf

Shinkafa ta fara nuna a fadamar Argungu lokacin da saƙon Kawu ya iso daga Ikko: in Baba ya yarda a turo ni, akwai aiki a bakin ruwa, kuma yaran da ba su tsoron ruwa ake nema. Ƙarshen daminar 1975 ke nan, 'yan watanni bayan an sauke Gowon, Murtala ya hau. Kamun kifi ne sana'ar gidanmu kaka da kakanni. Kafin in yi nisa a allo na riga na iya riƙe homa, na iya kwanciya a kan gora in bi ruwa a Matan Fada, na iya tsayuwa a gindin kwale-kwale da gwangwala ƙafata ba ta rawa. Da Baba ya tambaye ni ko zan iya, ban tsaya shawara da zuciyata ba. A ganina na lokacin, wanda ya san Gulbin Kabi da damina ya gama sanin ruwa.

Motar banda na bi, a zaune kan kwanduna. Muka wuce Birnin Kebbi, Jega, Yawuri, Kwantagora, muka haye gadar Jebba cikin dare, sai Ilori, sai Badun. Ƙaurin kifin bai bar rigata ba har na isa ɗakin Kawu a Ijora.

Ranar Lahadin farko ya kai ni Bar Beach da almuru. Ƙarar teku kaɗai ta isa ta sa gwiwata sanyi, amma abin da ya tsayar da ni shi ne fitilu, jere a cikin duhu, iyakar ganina hagu da dama. Na ce, "Kawu, wane gari ne wancan a tsallake?" Ya ce, "Babu tsallake, ɗana. Jirage na. Siminti sunka kawo, suna jiran a ba su wuri."

Sun fi ɗari huɗu. Gwamnatin da ta gabata ta yi odar siminti wajen tan miliyan 20, mafi yawansa da sunan Ma'aikatar Tsaro, ninkin-ba-ninkin abin da tashar Apapa za ta iya saukewa. Jirage suka taho daga ko'ina cikin duniya suka yi cincirindo a bakin mashigi. Wani ya yi wata shida, wani ya doshi shekara, kowace rana kuma ƙasa na biyan kuɗin jira. Sabuwar gwamnati ta ɗora wa Shehu Musa 'Yar'aduwa, wanda ke riƙe da harkar sufuri, nauyin kwashe wannan cunkoso, shi ya sa ake ɗibar lebura ba dare ba rana. Aikina na farko ke nan: a tsakiyar ruwa ake sauke buhuna daga jirgi zuwa baji, mu kuma mu jera. Siminti ya ci mini tafin hannu, ya farfasa mini leɓe, in na yi kaki toka nake tofarwa. Da idona na ga an buɗe cikin wani jirgi an tarar rabin kayan ya sha raɓar teku ya daskare, sai da diga ake fasa shi. Ni da na baro garin da ake gini da laka da makuba, na tsaya ina kallon dukiyar da ta isa ta gine Argungu sau da yawa ta koma dutse tun ba ta taɓa ƙasa ba. Har yau in na tuna raina yana ɓaci.

Kawu ɗan igiya ne. Su ne ke tsayawa a bakin waf su karɓi igiyoyin jirgi su rataya a turakun ƙarfe, wasunsu kuma suna cikin ƙaramin jirgi mai inji suna kai igiyar inda hannu ba ya kai wa. Da ya ga ƙirjina ya fara ƙugi, ya yi ta kai da kawo wurin helumansu har aka mayar da ni cikinsu. Nan na fara ganin yadda ake kawo babban jirgi gaɓa, kuma abin da nake so in ba ku labari ke nan, domin wanda ya sayi shinkafar waje ko taki ko tsohuwar mota a kasuwar Birnin Kebbi bai san cewa kayan nan sun ratsa wata sa'a guda da rayukan mutane ke rataye a kan igiya ba.

Da hantsi ne. Jirgin ya shigo ta tsakanin dogayen ganuwar duwatsu biyu da suka tsare bakin mashigin Ikko, ya biyo ruwa a hankali har ya fuskanci Apapa. Yana ƙara matsowa yana ƙara tsawo, har na daina ganin samansa sai na ɗaga kai. Bangon ƙarfe ne baƙi, da tsatsa tana zubo masa, ya rufe mana rana. Na ja da baya. Kawu ya riƙe mini kafaɗa ya ce, "Tsaya nan. Kalli ƙananan, kada ka kalli babban."

Sai a lokacin na lura da su. Jirage biyu gajeru, masu faɗin ƙirji, goshinsu a naɗe da tsofaffin tayoyi, hayaƙi baƙi na tashi daga bututunsu. Tog ake ce musu a waf. Ɗaya ya riƙe igiya daga goshin babban jirgin, ɗayan yana wajen gindi. Can sama, a gefen ɗakin kyaftin, wani mutum ya leƙo da usur a baki da oba-oba a hannu. Shi ne failot, ma'aikacin tasha, wanda ya hau jirgin tun a teku ta tsanin igiya domin shi ya san ruwan nan, ya san inda yashi ya taru da inda igiyar ruwa ke murɗawa. In ya busa, tog ya amsa da ƙaho, ruwa ya tafasa a bayansa. Suka juya wannan dutsen ƙarfe a tsakiyar ruwa har ya daidaita da waf, ya tsaya nesa da mu kamar taku hamsin. Daga nan suka saki ja, suka zagayo ta ɗaya gefen, suka kafa goshi a haƙarƙarinsa suka fara turawa.

Ban taɓa ganin abu mai tafiya a hankali irin wannan ba. A daƙiƙa guda bai cin taƙi ɗaya. Na ƙosa, na ce a raina me ya hana su ƙara wuta. Wani matuƙi ya wurgo siririyar igiya mai dunƙule a baki, ta faɗo gabana, muka ja, ta jawo uwar igiyar, mai kaurin cinyata, jiƙe da ruwan gishiri da baƙin mai. Mu huɗu muka ɗaga bakinta muka zura a turke. Sannan jirgin ya taɓa robar waf. A wannan tafiyar ta hawainiya, sai da ƙasa ta motsa a ƙarƙashin ƙafata, robar ta yi wani kuka mai tsawo, haƙorana suka haɗu.

Da dare na tambayi Kawu: jirgin da ya keto teku daga ƙasar Turai da ƙarfin kansa, me zai sa ya kasa taku hamsin sai an tallafe shi?

Amsar da ya ba ni na yi shekaru ina ganin gaskiyarta. Jirgi ba shi da birki. Abin da ke juya shi wani faffaɗan allon ƙarfe ne a bayan farfela, shi kuwa allon ba ya aiki sai ruwa na gudu a jikinsa. Muddin jirgi na tafiya sosai, yana jin magana. Da ya rage gudu domin ya kusanci gaɓa, sai ya kurumce, iska da igiyar ruwa su karɓe shi. In kyaftin ya ba da baya domin ya tsaya, farfelar ba ta ja shi a miƙe, takan karkatar da gindinsa gefe guda, a yawancin jirage zuwa hagu. Ga nauyi, tan dubu goma, dubu ashirin, wanda in ya fara tafiya ba ya son tsayawa. Ga ruwan Ikko da ba ya zama wuri ɗaya: teku ta ciko sau biyu a yini da dare ta tura ruwa ciki, ta janye ya biyo ta da gudu, in damina ce kuma ruwan da koguna suka zuba a tafkin ya haɗu da shi. Wannan cikowa da janyewa ita ce abin da ban zo da saninsa daga gida ba. Gulbinmu gaba ɗaya yake bi, daga Sakkwato ya gangara ya faɗa Kwara. Nan kuwa ruwan da ya tura ka da safe shi zai ja ka da azahar. Na daɗe kafin jikina ya yarda da haka.

Muna cikin wannan aiki aka kashe Murtala a watan Fabrairun 1976, waf ya yi tsit na 'yan kwanaki, sannan ƙugiyoyi suka ci gaba da lilo. Cunkoson nan ne ya haifi sabuwar tashar Tin Can, wadda aka gina cikin gaggawa aka buɗe a 1977. Can aka mayar da ayarinmu daga baya, can kuma na fara ganin jirgin da ke matsowa gaɓa da kansa.

Jirgin motoci ne, irin wanda ke sauke gada daga gindinsa motoci su fito da ƙafarsu. Ya zo daidai wurinsa, tog ɗaya kawai ke gindinsa, babu kowa a goshi. Na ce wa na kusa da ni yau za a yi ɓarna. Sai na ji wani gurnani daga ƙarƙashin ruwa, ya bi ta siminti ya shigo ƙafafuna, ruwa ya yi fari fat a gefen goshin jirgin, goshin kuma ya fara matsowa a kaikaice, babu mai ja, babu mai turi. Tsigar jikina ta tashi. Heluma ya nuna mini wata alama da aka zana da farin fenti a saman ruwa kaɗan, da'ira da gicciye a ciki. Ya ce a ƙarƙashinta akwai rami da ya huda jirgin daga wannan gefe zuwa wancan, a cikin ramin akwai farfela. In ta watsa ruwa dama, goshi ya tafi hagu. In ta watsa hagu, ya tafi dama. Kyaftin na can sama da ɗan maɓalli a hannu.

Nan take na gane shi, don na san shi tun a gida. In kwale-kwale ya ɗauko buhunan shinkafa zai tsaya a kwata da ruwa cike, hanya biyu ce: ko na zaune a goshi ya sa filafili ya sharo ruwa ta gefe ya karkato da bakin jirgin, ko a jefa wa wani igiya, wanda ke da wurin tsayawa nasa, ya jawo ku. Farfelar gefe ita ce mai filafilin. Tog shi ne mai igiyar. Kuma duk ɗan masunta ya san wanda ake kira a cikinsu ranar da ruwa ya yi fushi.

An yi ta gardama a rumfar mai shayi. Wasu suka ce kwanan tog ya ƙare, nan da shekara goma kowane jirgi zai riƙa ɗaure kansa. Hujjarsu mai ƙarfi ce, ban raina ta ba. Tog kuɗi ne, kowane zuwa sai mai jirgi ya biya. Tog jira ne, domin sau da yawa jirgi ya shirya, failot ya hau, a ce tog na wani aiki, a zauna har ruwa ya juya. Kuma tog hatsari ne ga mutanen cikinsa. In babban jirgi ya yunƙura alhali igiya ta koma ta gefen tog, yana iya kifar da shi cikin ƙiftawar ido, shi ya sa ƙugiyar da ke riƙe igiyar ake yin ta yadda za a buge ta ta saki nan take. Farfelar gefe kuwa tana nan a jikin jirgi, ba a jiran ta, ba a yi mata magana ta oba-oba balle ta ji ba daidai ba.

Amma na zauna da ita shekaru, na ga iyakarta. Ba ta aiki sai jirgi ya kusan tsayawa. Da gudunsa ya wuce saurin mai tafiya a ƙasa, ruwan da ke wucewa ta bakin ramin sai ya kwashe ƙarfinta. Ba ta tsayar da jirgi, gefe kawai ta sani. In jirgi ya sauke kaya ya taso sama, ramin ya kusanci fuskar ruwa, sai ta riƙa shaƙar iska tana ihu a banza. Tana haɗiye abin da ta samu, guntun igiya, leda, katako, ga kainuwar da ta mamaye ruwan Ikko tun daga wajen 1984. Kuma ko a manyan jiragen kwantena na yanzu, turinta bai cika wuce tan ashirin zuwa talatin ba, alhali tog ɗaya na zamani yana jan tan sittin zuwa tamanin, ya kuma zagaya ya kafa ƙarfinsa duk inda failot ya ce. Manyan jiragen mai da na alkama da yawansu ma ba a sa musu ita.

Ranar da na ga wannan da idona, farkon damina ce, da la'asar. Wani jirgin motoci ne, dogo, gefensa a shafe kamar bango tun daga ruwa har sama. Mun riga mun rataya igiya biyu ta goshi. Gabas ta yi baƙi. Duk wanda ya zauna Ikko ya san irin hadarin nan, ba ya sallama. Iska ta fara da kwashe takardu da ƙura, sannan ta sauko gaba ɗaya ta daki gefen jirgin ta fara raba shi da waf. Na ji farfelar gefe ta tashi da dukan ƙarfinta. Ruwa ya yi kumfa, ƙasa na rawa, amma tazarar da ke tsakaninmu da jirgin sai ƙaruwa take. Taku biyar. Taku goma. Igiyoyin suka miƙe, suka tsatso ruwan da ke cikinsu, suka fara wani ƙara, ƙas, ƙas, ƙas.

Kawu ya sha gaya mini: in igiya ta fara magana, kada ka tsaya a layinta. Igiyar roba tana miƙewa kafin ta tsinke, in ta tsinke kuma takan dawo da duk ƙarfin da ta haɗiye. Na ji muryarsa ta keto iska, "Ɗana, kwanta!" Na zube a bayan turke, fuskata cikin ruwa da baƙin mai.

Ƙarar ta fi ta bindiga.

Da na ɗago, abokin aikinmu, wani Bazabarme da muke cin tuwo kwano ɗaya, yana kwance can nesa da inda yake tsaye. Bai yi kuka ba. Yana ta kallon ƙafafunsa, yana kiran sunan Allah a hankali. Ruwan sama ya sauko. Ta cikin ruwan na hango tog yana tahowa da gudu daga wani aikin da ya baro, ya kewaya, ya kafa goshi a inda aka rubuta masa a jikin jirgin, wurin da ƙarfen ya fi ƙwari, ya buɗe wuta. Hayaƙinsa ya kwanta a kan ruwa. Jirgin ya tsaya da tafiya. Ya daɗe a tsaye, iska na turi, tog na turi. Sannan ya fara dawowa, taƙi, taƙi, har muka sami damar zura sababbin igiyoyi da hannuwan da ba su daina karkarwa ba.

Abokin namu ya rayu, amma bai sake tsayawa a waf ba. Mu muka yi karo-karo muka sa shi a mota zuwa gida. A daren ban iya cin abinci ba. Kawu ya zauna kusa da ni bai ce komai ba, can ya ce in ina so in koma Argungu ba zai hana ni ba, kuma ba zai bari kowa ya kira ni rago ba. Na ce zan zauna. Abin da ban gaya masa ba shi ne, tsawon watanni bayan haka, ko igiyar guga na ji ta yi ƙara sai gabana ya faɗi.

Ban ɗora wa farfelar laifi ba, ta yi iyakar abin da aka ƙera ta ta yi. Da rana lafiya lau, ruwa kwance, tana rage wa kowa wahala, kuma na ga failot masu gwaninta suna haɗa su biyun, farfela na riƙe da goshi, tog na riƙe da gindi, jirgi ya zauna a wurinsa ko ƙwai ba zai fashe ba. Abin da na ƙi, kuma har gobe ina ƙi, shi ne a dubi sama a ga hadari, a dubi kuɗin tog, a ce farfela ta isa. Wanda ya yanke wannan shawara yana can sama cikin gilashi. Wanda igiya za ta samu yana ƙasa.

Na bar waf bayan an ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991, na dawo na zauna a Birnin Kebbi ina sayar da kayan injin ban-ruwa. Kawu ya riga ni dawowa, a Argungu ya rasu, Allah ya jiƙansa. Shekaru suka wuce ba mai tambayata labarin jirage, sai a watan Maris na 2021, da wani jirgin kwantena mai suna Ever Given ya gindaya a mashigin Suwez na ƙasar Masar ya toshe hanya. Yaran majalisarmu suka kawo mini hoton a waya, suna cewa, "Baba, ku da kuka yi aikin nan, ya za a yi da shi?" Tsawonsa mita 400 ne, yana da farfelar gefe har biyu a goshi, amma goshin ya riga ya nutse cikin yashin gaɓa, ramin farfelar ba shi da ruwan da zai watsa. Jirage sama da ɗari huɗu suka yi layi a bakin mashigin suna jira. Na ce musu su daina kallon babban, su nemi ƙananan da ke kewaye da shi, su kuma duba kwanan wata, domin teku ta fi cikowa in wata ya cika.

Kwana shida aka yi ana yashe ƙasa daga ƙarƙashin goshinsa. Aka tara tog fiye da goma, aka kirawo wasu manya biyu daga nesa, Alp Guard da Carlo Magno. Ranar 29 ga Maris, a kan cikowar ruwa ta tsakiyar wata, suka ja shi ya taso. Yaran suka kunna mini hoton mai motsi, na ji tog ɗin nan duka sun saki ƙaho lokaci guda. Na sa aka maimaita mini, ina nuna musu da yatsa wanda ke ja da wanda ke turi, da inda kowace igiya ta bi, da wurin da bai kamata mutum ya tsaya ba.